Wa ya ce waƙa a cikin wasa ta Indiya ce?

Makon jiya aka yi taron iyayen yara a lakwal ɗin da nake koyarwa a nan Dakoro, kuma abin da aka yanke har yanzu yana cina. Yaran ajin ƙarshe sun shafe wata biyu suna shirya wasan kwaikwayo na rufe shekara, wanda muka ciro daga littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sau uku a cikin wasan uwar Umar take rera waƙa tana neman ɗanta da aka sace, har ta bi sawunsa cikin Sahara. Yaran da kansu suka tsara baitocin, wani dattijo mai goge a unguwarmu ya ɗora musu kiɗa. Sai wani uba ya miƙe ya ce a yi wasan amma a cire waƙa, wai mutum ya tsaya a tsakiyar labari yana waƙa ɗabi'ar fim ɗin Indiya ce da ƴan Kano suka kwaso. Aka ce haka ne, haka ne. Mu malamai muka sunkuyar da kai, har da ni. Aka cire.

Ban yi magana a ranar ba, to yau zan yi.

Alhaji, da girmanka, ka tuna tatsuniyar da kakarka ta yi maka. Idan yarinya ta shiga uku a daji, ko tsuntsu ya zo tona asirin kishiya, tsohuwa ba ta ci gaba da zance. Waƙa take ɗauka, ku kuna amshi. Wane fim ɗin Indiya ta gani? Mace a bakin turmi ko dutsen niƙa, abin da ba ta iya faɗa wa uwar miji ido da ido a waƙa take sakinsa. Mun san wannan tun kafin a kawo mana majigi.

Turawa ma suna da irinsa, suna ce masa opera: wasan da kusan duk maganarsa rerawa ake yi, makaɗa suna bi. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Carmen, na Bafaranshe Georges Bizet, wanda aka fara yi a Paris a 1875. Ba labarinsa nake tallata wa iyaye ba, don na mace ce mai sauya masoya har ɗaya ya kashe ta, kuma ba zan sa ƴaƴan mutane su yi shi ba. Abin da nake so a duba shi ne yadda aka mayar da shi fim a Afirka ta Kudu. Mark Dornford-May da shugaban makaɗa Charles Hazlewood sun bi unguwannin talakawa suna gwada muryoyi, suka haɗa ƙungiyar Dimpho Di Kopane mai mutum kimanin 40. Da dandamali suka fara, shekaru kafin a kunna kyamara. Pauline Malefane, wadda ta fito a Carmen, ita da Andiswa Kedama suka juya baitocin gaba ɗaya zuwa harshen Xhosa, gaɓa da gaɓa, don su hau kan kiɗan Bizet ba tare da an karya harshen ba. Aka ɗauki fim ɗin a titunan Khayelitsha, unguwar da Malefane ta tashi, kusa da Cape Town, aka saka waƙoƙin gargajiyarsu inda labari ya nema. A 2005 U-Carmen eKhayelitsha ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin. Malamin da ya taɓa fama da ɗora kalmar Hausa a kan muryar da ba tata ba ya san nauyin wannan aiki. Darasin nahawu ne da karin sauti wanda allo ba ya bayarwa.

Ba na cewa tsoron iyaye ba shi da tushe. Waƙa tana da kaifi, kuma idan aka ajiye ta inda bai dace ba tana yanka. A Senegal, Joseph Gaï Ramaka ya yi nasa Carmen ɗin a 2001, Karmen Geï. Ya ajiye kiɗan Bizet, ya ɗauko gangunan Doudou N'Diaye Rose da muryar Yandé Codou Sène. Amma sai ya sa aka rera ƙasidar Shaihu Ahmadu Bamba a wurin da mabiyansa suka ga cin mutunci ne. Muridai suka fito a Dakar, aka dakatar da fim ɗin. Ni ma da ina wurin da ban ji daɗi ba. Haka kuma na yarda yawancin abin da yaranmu suke kallo a waya shirme ne: saurayi da budurwa a lambu, fiyano ɗaya yana kwaikwayon kowane kayan kiɗa, waƙar ba ta ƙara wa labari komai. Sai dai maganin wannan shi ne babba ya zauna ya saurari baitin, ya ce wannan ya yi, wancan a gyara. A taronmu babu wanda ya nemi ya ji ko baiti ɗaya kafin a yanke hukunci.

Da an saurara da an ji me? Uwa ce take kiran ɗanta da ya yi arewa bai dawo ba. A Dakoro wane gida ne bai san wannan ba? Yarinyar da aka ba wa wannan rawar, yayanta ya tafi Libiya shekara uku ke nan babu labari. Ranar da ta fara gwada waƙar, ajin ya yi tsit, mai gogen ya ajiye gogensa na ɗan lokaci. Yanzu an ce ta faɗi maganar a bushe, kamar mai karanta sanarwa.

Kuma mu tuna Shaihu Umar ya taɓa zama fim. Adamu Halilu ya ɗauke shi a 1976, bayan Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da littafin wasan dandamali. Sai fim ɗin ya ɓace shekara kusan 40, har 2016 da aka tsinci faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas. Jamusawa suka taya gyara shi, aka nuna shi a Berlin a 2018. Mutanen Berlin sun kalle shi, ɗalibaina ba su taɓa ba. Shi kansa Ɓalewa malamin makaranta ne lokacin da ya rubuta littafin. Tun 2025 an rubuta a takarda cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma harshen ƙasar ga shi muna hana shi waƙa a farfajiyar lakwal.

Saura mako uku a yi wasan. Na roƙi shugaban kwamitin iyaye a sake zama ranar Asabar bayan la'asar, ya amince. Zan zo da mai gogen da yarinyar, a ba ta minti biyar kafin kowa ya ɗaga hannu. Alhajin da ya kawo maganar, na riga na aika masa, kujerar gaba tasa ce.