Kaskon Lantarki: A Duba Kafin A Saya

Kaskon suya na lantarki ya fara shiga jeren amare a Daura, amma sau da yawa don ƙyalli ake zaɓensa, bai shekara ba ya mutu.

Uwargida, ko a kasuwar Daura za ki saya ko a Mai'aduwa, fara karanta gindinsa. Ƙarfin wutarmu volt 230 ne. Wanda aka rubuta wa 110 ko 120 don Amurka aka yi shi, kina jonawa zai ƙone. Sa'an nan ki ɗaga shi. Mai nauyi ya fi raba zafi daidai, shafal kuwa lanƙwashewa yake yi. Ki tambaya ko ana samun wayarsa dabam in ta lalace. Araha ba ta ado.

Ke kuma 'yar makaranta, kada ki kankare cikinsa da cokalin ƙarfe. In baƙin shafen nan ya ɓare, kome aka soya sai ya kama. Kada ki taɓa wayar da jiƙaƙƙen hannu.

A ganina, ko an saya, kada a yar da kaskon ƙarfe da murhun gawayi. Ran da aka ɗauke wuta ga baƙi a zaure, su za su fid da ke kunya.

Allah ya sa mu dace.