Dukan Kan Batir Da Dutse Ba Gyara Ba Ne

Ya 'yan'uwana ɗalibai, ina so mu tattauna a kan wata cuta ta tsofaffin motoci wadda mu mutanen Mazanya, a ƙasar Jibiya, muka saba da ita har mun daina ganin haɗarinta. Cutar ita ce ɗaukewar wuta gaba ɗaya. Ana cikin tafiya sai inji ya mutu, fitilu su mutu, ham ma ya ƙi kuka. Sai direba ya sauka, ya buɗe bonet, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa kan batir, wuta ta dawo, a ci gaba da tafiya ana dariya. Ni a ganina wannan ba gyara ba ne, rufe tukunya ne da ɗanyen nama a ciki.

Motocin da ke jigila tsakanin Katsina da Jibiya da Magama, har su tsallaka Ɗan Isa da Maraɗi, yawancinsu sun sha duniya. Akwai 'yan Kwatano waɗanda suka gama aiki a Turai kafin su iso mana, akwai kuma sauran Fijo 504 irin waɗanda kamfanin Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya haɗa. Ƙura da zafi da gargadar hanya kullum suna sassauta musu noti, suna cinye musu waya.

Malaminmu na kimiyya ya koya mana cewa wutar lantarki ba ta aiki sai ta fita ta kewayo ta koma inda ta fito. A mota tana fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi babbar waya, ta yi aikinta, sa'an nan ta komo ta jikin ƙarfen motar zuwa kan mai alamar ɗebewa. To, in fitila ɗaya ta mutu, laifin nata ne ko na fis ɗinta. Amma in kome ya mutu lokaci ɗaya, laifin yana kan hanyar da duk suka yi tarayya a kai. Wuraren kuwa ba su da yawa: kawunan batir biyu, da wayar da ke ɗaure a jikin mota, da babbar wayar da ta tafi sitata, da babban fis, da makunni.

Saboda haka bincike ba wuya. Da farko a duba kan batir. In yana juyawa a hannu, ko ya yi farin gari kamar gishiri, a kwance shi, a fara da mai alamar ɗebewa, a kankare, a ɗaure tam. Na biyu, a kunna manyan fitilu, wani ya tsaya a gaba, a riƙa girgiza wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka taɓa fitila ta yi ƙifce, ita ce mai laifi. Na uku, bayan an buga sitata a taɓa mahaɗar wayoyin, domin inda ya yi sako-sako nan ne yake ɗaukar zafi. Mai gyaran waya kuma yana da mita: lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 in inji na kashe, kusan 14 in yana aiki. Kada kuma a cire kan batir inji na tafiya wai don a gwada caji, yin haka yana iya ƙona altaneta.

Wani zai ce talaka ba shi da kuɗin zuwa gareji kullum, tun da dutse yana tashinta, mene ne na wahala? Amsata ita ce, dukan nan yana ƙara buɗe bakin maɗaurin, yana kuma iya tsaga kan batir ɗin, sai ƙaramar ɓarna ta zama sayen sabon batir. Ban da haka, cutar da ke zuwa ta tafi ba ta sallama. Tana iya zuwa da dare, a kan kwana, ga babbar mota a baya, kai kuwa ba fitila. Kowa kuma ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙasar Jibiya a shekarun nan. Tsayuwar minti goma a daji da mata da yara a mota ba abin wasa ba ce.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu, kada su ba motar da aka san tana ɗauke wuta lodi sai mai waya ya duba ta. Mu kuma ɗalibai, in mun je hutu, mu bayyana wa iyayenmu da yayyenmu direbobi abin da muka koya, cikin ladabi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.