Tsohon kakin sojan hamada: a adana shi, kada a yi ƙarya da shi

Duk wanda ya ga hotunan Yaƙin Tekun Fasha na 1991 zai tuna kakin da Janar Norman Schwarzkopf da sojojin Amurka suka sa: mai launi shida, da ɗigo-ɗigon baƙi da fari kamar tsakuwa. An tsara shi ne bisa yanayin hamadar Kalifoniya mai duwatsu, don haka bai dace da rairayin Saudiyya da Kuwait ba. Ba a jima ba aka maye gurbinsa da mai launi uku, wanda aka shiga Afghanistan da shi a 2001 da Iraƙi a 2003.

Yau waɗannan riguna sun zama abin nema a Amurka da Turai. Masu sha'awa suna saye daga shagunan rarar kayan soja, suna duba lambar kwangila da ke jikin tambarin riga don gane shekarar da aka yi odarta. Wannan aiki ne mai amfani, domin riga ma shaida ce ta tarihi.

Waɗanda suka fi daraja a wurinsu su ne rigunan da sojoji suka gyara da kansu. Sulken kare harsashi yana rufe aljihun ƙirji da na ciki, shi ya sa dakarun musamman suka riƙa kai rigunansu wurin tela, a cire aljihun ƙasa a ɗinka a damtse. Dabarar ta karɓu har sabon kakin da rundunar ƙasa ta Amurka ta fara rabawa a 2005 ya zo da aljihu a kafaɗa.

A nan gizo ke saƙar. Tunda rigar da aka gyara ta fi kuɗi, wasu sukan sayi wadda ba a taɓa sawa ba, su sauya mata aljihu, su liƙa bajen wata runduna, sannan su sayar a matsayin wadda ta je fagen daga. An cuci mai saye, an kuma gurɓata tarihi. Wanda ya gyara rigarsa don sha'awa bai yi laifi ba, amma wajibi ne ya faɗi gaskiya ranar sayarwa. Wadda kuwa ke ɗauke da sunan soja da bajensa na asali, bai kamata almakashi ya taɓa ta ba.

A Najeriya ƙaryar kaki ta wuce asarar kuɗi. Doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma dalilin a fili yake: waɗanda suka sace 'yan matan Chibok a 2014 sun zo ne a matsayin sojojin da za su kare su. Matashin da ya tsinci irin wannan riga a dilar gwanjo ya sani cewa sojan da ke shingen bincike ba zai tsaya tantance ko ta Amurka ce ta 1991 ba.

Saboda haka ya dace hukumar kwastam ta ƙara sa ido kan dilolin da ke shigowa, 'yan gwanjo su ware irin wannan kaya, teloli kuma su ƙi ɗinka baje ga wanda ba soja ba. Wurin tsohon kaki shi ne gidan tarihi, da bayanin wanda ya sa shi da inda ya je, ba jikin mai yawo a kasuwa ba.