Mun Adana Motar Murtala, Ina Takardunsa?

Maganar yau tana da ɗaci, sai a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a fara mayar da martani.

A gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, akwai wata baƙar Marsandi mai hujin harsashi a jikinta. A cikinta aka kashe Janar Murtala Ramat Muhammed ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976. Duk shekara idan ranar ta zagayo, hoton motar nan sai ya cika Facebook, ana bin sa da "Allah ya jiƙan maza". Addu'a alheri ce, ba mu da ja a kanta. Tambaya ɗaya kawai muke da ita ga masu yaɗa hoton, musamman masu kiran kansu marubuta: me motar ta koya muku game da mulkin mutumin?

Kusan kwana 200 Murtala ya yi a kan mulki. A cikinsu ya mayar da jihohi 12 suka zama 19 bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Irikefe. Ya yanke shawarar ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja bayan rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ya sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000. Ya kafa kwamitin tsara kundin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Ya goyi bayan MPLA a Angola, Amurka na so ko ba ta so. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar takarda: rahoto, wasiƙa, bayanin zama, jerin sunaye. Da wane ma'auni aka zaɓi waɗanda aka kora? An ji ta bakinsu? Me ya sa aka zaɓi ƙasar Abuja? Ku je ku tambayi motar, ko kallonku ba za ta yi ba.

Ga abin da muke cewa a taƙaice. Mun iya girmama hular shugaba da sandarsa da kabarinsa, amma mun bar takardunsa a hannun sa'a. Hula tana sa mutum hawaye, takarda kuwa tambaya take sa shi, shi ya sa masu mulki suka fi son a riƙa nuna hula. Marubucin da ya tsaya a hula ya zama maroƙi, ko da yana jin kansa ɗan gwagwarmaya.

Ku dubi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Firayim Minista ne, amma shi ne ya riƙe gwamnatin ƙasar nan tun kafin 'yanci har zuwa Janairun 1966. An gina masa hubbare mai kyau a Bauchi, an ajiye wasu kayan amfaninsa ana nuna wa baƙi. Mutumin nan ɗan uwanmu ne a sana'a, shi ya rubuta Shaihu Umar. Amma babban littafin tarihin rayuwarsa da masu bincike suke dogara da shi, wani Bature ne tsohon jami'in mulkin mallaka, Trevor Clark, ya rubuta shi da Turanci, ya fito a 1991. Na Sardauna kuwa Ba'amurke John Paden ne ya rubuta, a 1986. Ba su fi mu kaifin basira ba, ba su fi mu jin Hausa ba. Zama suka yi da fayil-fayil masu ƙura, suka bi tsofaffi gida-gida suna tambaya suna rubutawa.

Wani zai ce ai shugabannin suna rubuta tarihinsu da kansu. Haka ne. Alhaji Shehu Shagari ya fitar da nasa, Beckoned to Serve, a 2001. Janar Babangida ya ƙaddamar da nasa a Abuja ranar 20 ga Fabrairun 2025, kuma a nan ne ya amince cewa Abiola ne ya ci zaɓen 12 ga Yunin 1993. Sai da aka jira kusan shekara 32 kafin a ji wannan daga bakin mai ita, a lokacin da ya zaɓa, da kalmomin da ya zaɓa. A wurin taron aka yi alƙawarin biliyoyin naira don gina masa ɗakin karatu. Obasanjo ma ya buɗe nasa a Abeokuta a Maris ɗin 2017. Madalla da duk wanda ya adana. Amma mutumin da ya gina ɗakin, ya riƙe makulli, shi ke zaɓar abin da zai sa a gilashi da abin da zai bari a ƙasan akwati. Wanzami ba ya son jarfa. Littafin shugaba shaidar mutum ce a kan kansa, kuma babu alƙalin da zai rufe shari'a a kanta ita kaɗai.

In kuna son ganin illar barin takarda a hannun masu iko, ku tuna rahoton Pius Okigbo na 1994, wanda ya bi sawun dala biliyan 12.4 na kuɗin man fetur da aka zuba a wasu asusu na musamman. Shekaru aka yi ana cewa ba a ga asalin kwafinsa ba. Ku tuna rahoton kwamitin Oputa kan take haƙƙin ɗan Adam, wanda aka miƙa a 2002, gwamnati ba ta wallafa shi ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka fitar da shi daga baya. Ƙasar da ta iya riƙe mota shekara da shekaru ba ta ɓata ba, ita ce rahoto ke ɓata a hannunta. Wannan ya wuce a kira shi sakaci.

A Amurka ma sai da aka sha wuya kafin a gyara. Bayan Nixon ya sauka a 1974, ya so ya riƙe iko da takardunsa da kaset-kaset ɗin da aka naɗa a ofishinsa, majalisa ta yi doka ta hana. A 1978 aka yi dokar da ta ce takardun aikin shugaban ƙasa dukiyar al'umma ne, ranar da ya sauka suna komawa hannun hukumar adana takardun ƙasa. Bayan shekara 5 jama'a na iya neman gani, wasu kuma a rufe su har shekara 12. Saboda takardu ne jami'an FBI suka binciki gidan Donald Trump a Florida a Agustan 2022. Shugabanninsu ba waliyyai ba ne, dokar ce ba ta bar abin ga kirkin mutum ba.

Mun san hujjojin da za a kawo, bari mu amsa su tun yanzu.

Za a ce sirrin ƙasa ne. To, a rufe abin da ya shafi tsaro na wani wa'adi sananne, a rubuta ranar buɗewa. Amma wane sirri ne ya rage a bayanin zaman majalisar ministoci na 1982, lokacin da gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu? Abin da ake ɓoyewa bayan shekara 40 yawanci kunyar wani ce, ba tsaron kowa ba.

Za a ce a rufa wa mamaci asiri. Wasiƙar da shugaba ya rubuta wa matarsa ta iyalinsa ce, babu ruwanmu da ita. Amma takardar da ya sa wa hannu da alƙalamin ofis, aka kori mutum daga aiki ko aka tashi ƙauye saboda ita, haƙƙin waɗanda ta taɓa ne. Kuma takarda ba tona asiri kawai take yi ba, tana wanke mutum. Shugabanni nawa ake zagi a majalisar shayi kan abin da takarda ɗaya za ta iya nuna ba su ne suka yi ba?

Za a ce mu al'ummar baka ce, adana takarda al'adar Turawa ce. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba mu haushi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Sakkwato da Shehu Al-Kanemi na Barno a cikin Infaƙul Maisuri, har da kalaman da Al-Kanemi ya soki jihadin da su. Shugaba ne ya adana hujjar abokin jayayyarsa don na baya su auna da kansu. Zuriyar Waziri Giɗaɗo ta riƙe takardun daular har zuwa kan Waziri Junaidu. Wanda ya ce adana takarda baƙon abu ne a ƙasar nan, tarihin gidansu ne bai sani ba.

Na ƙarshe, za a ce mu marubutan ƙagaggun labarai ne, me ya haɗa mu da fayil? Abin da ya haɗa mu shi ne labari. A Janairun 1980 aka kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Barno, aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Aka je kotu, kotu ta ce ɗan ƙasa ne. Mutum ya kwana ɗan majalisa, ya wayi gari ba shi da ƙasa. Wane littafin soyayya da kishiya ne ya kai wannan ɗaukar hankali? Haka labarin magatakardan da ya ji sunansa cikin waɗanda aka kora a 1975, ko tsohuwar Gbagyi da aka ce ta bar kushewar iyayenta saboda za a gina birni. Labaran suna nan kwance a takarda, masu alƙalami kuma suna can suna kwaikwayon fina-finan Indiya.

Akwai kuma wata cuta da ta kama zaurukan marubuta: a ɗauko hoton Sardauna ko Murtala, a manna masa magana, a ce shi ya faɗa. Babu rana, babu wuri, babu jarida. Dubban mutane su yaɗa, gobe yaro ya sa ta a littafinsa. Wannan ƙarya ce da bakin mamaci, kuma wanda ya yaɗa ba tare da ya bincika ba yana da kasonsa.

To me za mu yi? Na farko, a taka a je. Ofishin adana takardun ƙasa yana kan titin Yakubu Gowon a Kaduna. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma yana Kaduna. A Kano akwai Gidan Mumbayya da Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai hukumar tarihi ta Waziri Junaidu. A nemi tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, a karanta abin da aka rubuta a makon da abin ya faru.

Na biyu, a buɗe akwatunan gida. Katin jam'iyyar NEPU ko NPC na kaka, fastar NPN ko PRP, kalandar shugabanni, kaset ɗin jawabi, takardar sallama daga aiki: a ɗauki hotonsu, a rubuta na wa ne da shekararsa, kafin gara ta ci ko a ƙunshe ƙosai da su.

Na uku, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. A gwada ta. Ko ƙin amsawar ma abin rubutawa ne.

Na huɗu, mu matsa da alƙalumanmu a yi doka bayyananniya: duk shugaban da ya sauka, takardun ofishinsa su koma taskar ƙasa, da ranar buɗewa a rubuce.

Lokaci ba ya jira. 'Yar'aduwa ya rasu a 2010, Shagari a 2018, Buhari a Yulin 2025. Sakatarorinsu da direbobinsu da masu buga musu takardu suna tsufa, kullum ana kai wani makwanci da abin da ya sani.

Daga wannan makon, duk wanda ya kawo maganar wani tsohon shugaba a zauren nan, za mu tambaye shi: a ina, yaushe, wa ya rubuta? Wanda bai gamsu da abin da muka faɗa ba, fili nasa ne a ƙasa, amma ya zo da takardarsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa alƙalumanmu su faɗi gaskiya.