Marowaci Ma Yana Da Dangi



Duk mai bin labaran da muke rubutawa yanzu ya san Alhajin nan. Kuɗi gare shi kamar ya kashe su, ba ya taimakon kowa, ya cinye gadon marayun ƙaninsa, a babin ƙarshe kuma gobara ta lashe shagunansa, ya zauna yana kukan da-na-sani. Ni a ganina wannan Alhajin ya tsufa a hannunmu. Mai karatu yana hango ƙarshensa tun daga shafi na uku, don haka wa'azin da muke son yi da shi ba ya ratsa kowa.

Bari mu leƙa wani katun na yara. A 1987 kamfanin Disney na Amurka ya fara nuna DuckTales, ya yi kashi ɗari kafin ya tsaya a 1990. Jigon labarin wani tsohon agwagwa ne, Scrooge McDuck, wanda mai zane Carl Barks ya ƙirƙira a 1947. Ya fi kowa dukiya, ya gina wa kuɗinsa rumbu yana iyo a ciki, kuma kwabo ba ya fita hannunsa da daɗin rai. Sai Donald, wanda Scrooge yake kawunsa, ya shiga sojan ruwa ya bar masa yara uku, Huey da Dewey da Louie. Tun daga nan duk inda tsohon ya tafi farautar taska da yaran yake tafiya.

Abin lura shi ne ba su raba tsohon da rowarsa ba, kuma ba su mayar da shi dodo ba. Sun nuna mana asalin abin: yana yaro a Glasgow goge takalma yake yi, kuma sulen farko da ya samu yana nan a ajiye, ya fi masa komai daraja. A labarin farko na jerin ya isa kwarin da zinariya take jibge, zazzaɓin zinariya ya kama shi har ya kusa hallaka kansa da yaran, sai da ya bar ta kafin su tsira. Kusan kowace tafiya tambaya ɗaya take yi masa: taskar ko yaran? Abokin gabarsa Glomgold ma marowaci ne, amma ba shi da kowa a gida da zai sa shi tsayawa ya yi tunani, shi ya sa ya zama mugu zalla.

Ba sai mun je Amurka aron wannan dabara ba, domin a Zariya aka reni ƙagaggen labarin Hausa na boko. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A wannan zubin ne kuma aka samu Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Ruwan Bagaja farautar taska ce sak, amma me ya fitar da Alhaji Imam daga gida? An muzanta Liman, mijin mahaifiyarsa, a fada saboda ya ce ruwan zai warkar da ɗan sarki. Mutuncin gida ne ya tura shi duniya, shi ya sa ko yana damfarar Malam Zurƙe muna bayansa. A Jiki Magayi kuwa, attajirin da ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, neman haihuwa ne ya kai shi, kuma ta hannun ɗan da ya samu masifar ta same shi. Ba daga sama aka jeho masa hukunci ba, daga cikin abin da ya fi so ya fito.

Ko Gizo na tatsuniya, da ya cuci hankaki a kan ɓaure har suka ƙwace fukafukan da suka ara masa, yana da Ƙoƙi a gida da yake komawa wurinta. Kakanninmu ba su taɓa barin makwaɗaici ba iyali ba.

Yanzu ku shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana, ku dubi manyan gidajen gado, zaure ɗaya sassa da yawa. Ga labari nan a zube. Ku ɗauki babban wa wanda tun rasuwar mahaifinsu shi yake sayen buhun masara, shi yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yan ƙannensa, amma yana ƙirga cokalin sukari, kuma ya hana a raba gida. Ƙannen suna son a sayar, ko a fasa bango a yi shaguna. Gwaggo tana ɗakin da aka haife ta, ba ta da wurin zuwa. Shin wan nan riƙon zumunci yake yi ko danne haƙƙin magada? Watakila shi kansa bai sani ba. Wannan rashin sanin shi ne labarin, kuma ya fi gobarar babin ƙarshe zafi.

Hausa ma ta ba mu kayan aiki, mu ne muke cakuɗa su. Rowa ita ce ƙin bayarwa. Kwaɗayi miƙa ido ne ga abin hannun wani. Haɗama son tattare komai ne ko da an ƙoshi. Tattali kuwa halin kirki ne da yakan zarce ya zama rowa ba tare da mai shi ya ankara ba. Kafin ka rubuta mutuminka, tantance wanne ne ciwonsa, domin marowaci da makwaɗaici ba sa magana iri ɗaya, ba sa jin kunya a wuri ɗaya.

Na san wani zai ce adabinmu na gyaran tarbiyya ne, in muka sa aka tausaya wa marowaci mun yi wa rowa ado. Maganar tana da nauyi, kuma ban ce a daina hukunci ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, har gobe. Sai dai a tuna wa ake son gyarawa. Babu mai karanta labarin Alhaji dodo ya ga kansa a ciki, maƙwabcinsa yake gani. Amma in ka zana mutumin da yake sallah a sahun gaba, yake son 'ya'yansa, kuma yake jinkirta rabon gado shekara da shekaru yana cewa ai duk ɗaya ne, wani zai ajiye wayar ya yi shiru. Nan gyaran yake farawa.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Rubuta fage ɗaya, kada ya wuce shafi biyu. Ka ba marowacinka abu ɗaya da ba zai taɓa sayarwa ba, da mutum ɗaya da ba zai iya kora ba. Sannan ka kawo ranar da dole ya zaɓi ɗaya, a zaure, gaban dangi. Kada gobara ta tashi, kada ɓarawo ya shigo, kada malami ya zo ya warware. Bar shi ya buɗe baki da kansa, mu ji abin da zai ce.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.