SHARHI: Citta, tashin zuciya da masu jinyar ciwon daji a Potiskum

Mai ciwon daji da ke zaune a Potiskum, idan likita ya ɗora shi kan maganin kemo, yawanci sai ya yi takakkiya zuwa Gombe, Maiduguri ko Kano. A ɗaura masa ruwan magani, ya kamo hanyar gida. Sai dai magunguna irin su cisplatin suna jawo wani amai da ke tasowa bayan awa 24, ya kuma yi kwanaki bai lafa ba. A lokacin majinyaci ya riga ya isa gida, likita ya yi nisa, abin da ya rage kusa shi ne tukunyar shayi da shawarar maƙwabta.

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce citta, kuma ba a banza ba. Wani bincike da Jami'ar Rochester ta Amurka ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2012, ya gwada ta a kan majinyata 576. An gano cewa rabin giram zuwa giram ɗaya a kullum, idan aka fara sha kwana uku kafin kemo, yana rage tashin zuciya a ranar farko. Abin da masu yaɗa labarin kan tsallake shi ne dukkan majinyatan suna shan maganin hana amai na asibiti a lokaci guda. Citta ɗori ce a kai. Wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya ma ba su ga wani amfani a fili ba, musamman kan aman da ke zuwa daga baya, wanda shi ne ainihin matsalar mutumin Potiskum.

Giram ɗaya kuwa bai cika ƙaramin cokali ba. Wanda ya dafa citta da yawa yana kwankwaɗa zai iya samun ƙwannafi, kuma likitoci na gargaɗin masu shan maganin tsinka jini ko waɗanda kemo ya rage wa ƙwayoyin daskarar da jini su yi hattara. Akwai wani haɗarin da ya fi shafar gari mai babbar kasuwar shanu irin wannan: majinyacin da ya kasa cin tuwo akan lallashe shi da fura da nono ko zoɓo mai sanyi. Kemo na raunana garkuwar jiki, don haka nonon da ba a tafasa ba, ko zoɓon da ba a san ruwansa ba, na iya zama silar zazzaɓi mai kisa. Kunu mai ɗumi da aka dama a gida, a sha kaɗan-kaɗan, nesa da ƙaurin girki, ya fi aminci.

Mafi muni shi ne amai na cikin dalilan da ke sa mutane guje wa zagaye na gaba na kemo. Daga nan sai hannun masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa, masu nuna lambar NAFDAC kamar shaidar waraka, alhali rajistar da hukumar ke yi wa maganin gargajiya kan rashin illarsa ta tsaya.

Nan ne maganar ta dawo teburin Abuja. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya sun nuna Nijeriya ta samu sabbin masu cutar 127,763 a 2022, mutum 79,542 kuma suka rasu. Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji da aka fara a 2021 ya soma ne da asibitoci shida, ciki har da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, kuma yanzu akwai cibiyar NICRAT mai kula da fannin. Hankalin jami'ai ya fi karkata ga injinan gashi, masu kyan gani ranar ƙaddamarwa. Ondansetron da dexamethasone kuwa tsofaffin magunguna ne da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamata ya yi a wajabta wa duk cibiyar da ke cin gajiyar asusun ta sallami majinyaci da maganin amai na kwana biyar, da takarda da Hausa mai bayyana yawan cittar da ya dace, da lambar wayar da zai kira idan ko ruwa ya ƙi zama a cikinsa.

Cittar kanta ba baƙuwa ba ce: kudancin Kaduna ke noma mafi yawanta a ƙasar nan. Cibiyar NIPRD da ke Idu, wadda ta samar da Niprisan don masu sikila, na da ƙwarewar auna ta, ta gwada ta a kan majinyatan Gombe da Maiduguri.