Kada ku ƙone tsoffin wasiƙu, akwai darasi a kan tamburansu

Bayan rasuwar mahaifina, da muka buɗe adakarsa, mun tarar da wasiƙu a ɗaure da zare. Wasu daga ƙanensa da ya yi cin rani a Kumasi, wasu daga Yamai. Ƙanwata ta ce a ƙone su. Ni kuwa na kwashe ambulan ɗin na kai aji. Abin da na gani ranar shi ya sa nake kira ga malaman lakwal da iyaye: tsohon tambur kayan koyarwa ne, kuma muna zubar da shi cikin shara.

Na ba yara biyu tambura biyu masu hoto iri ɗaya, na ce su gaya mini bambancinsu. Nan take suka ce babu. Na ce su sake dubawa. Sai can yarinyar ta lura kuɗin da aka rubuta ba ɗaya ba ne, launin ma ɗaya ya fi duhu. Wannan ita ce matsalar da muke kuka da ita kullum: yaro ya kalli abu bai gan shi ba, ya karanta tambayar jarrabawa ya tsallake rabinta. Tambur yana tilasta wa ido ya natsu.

Ga yadda mai farawa zai bi. Da farko ya karanta sunan ƙasa. A 1921 aka fara samun tambur mai sunan ƙasarmu: Nasara sun ɗauki na Haut-Sénégal-Niger, mai hoton mahayin raƙumi, suka buga "Territoire du Niger" a kansa. Ke nan hoto ɗaya, tambur iri biyu, rubutun da aka ƙara shi ne ya raba su. A 1926, shekarar da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, aka fito da wasu masu hoton rijiya, da kwalekwale a kogin Kwara, da barikin Damagaram. Daga 1944 zuwa 1959 muka yi tarayya da sauran ƙasashen AOF a tambur guda. Daga nan sai "République du Niger" ta bayyana, da hotunan namun daji irin su raƙumin dawa da gauraka. Yaron da ya jera waɗannan da hannunsa ba zai manta 18 ga Disamba 1958 da 3 ga Agusta 1960 ba.

A nan akwai tarko. In ka ga "Niger Coast" ba namu ba ne, na Turawan Ingila ne a kudancin Nijeriya ta yau. In kuma ka ga tambur babu sunan ƙasa, sai kan sarki ko sarauniya, na Ingila ne, don su suka fara yin tambur a 1840. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Katsina da Kano ke kiransa kan sarki.

Na biyu, kuɗin. Tambur na 25 F dala nawa ke nan? Ga lissafi ya shigo. Na uku, haƙoran gefe: ana ƙirga nawa ne cikin santimita 2, don sau da yawa nan kaɗai bugu biyu suka bambanta. Na huɗu, a ɗaga shi ga haske, wasu na da alama a ɓoye cikin takardar. Na biyar, hatimin gidan waya, wanda ke faɗin gari da rana. Saboda hatimin nan ne nake roƙon kada a ɓanɓare tambur daga tsohon ambulan, tare suka fi daraja. In ya zama dole, a jiƙa cikin ruwa har ya saki da kansa, a shanya a inuwa.

Na san abin da abokan aiki za su ce: aji cike maƙil, littattafai ba su isa ba, wa ke da lokacin tambur? Gaskiya ne. Amma wannan darasi ba ya cin ko dala, minti ashirin a mako sun isa, ambulan goma kuma za su zagaya aji duka. Wasu iyaye kuma za su tambaya ko akwai kuɗi a ciki. Kada mu ruɗi yara. Yawancin tsoffin tambura an buga su da yawa, ba su da tsada, kuma masu yaɗa labarin miliyoyi a Facebook ba alheri suke nufi ba. Ribar tana cikin idon yaro da kansa.

Yau saƙo ya koma WhatsApp, wasiƙa ta yi ƙaranci. Abin da ya rage a adakokin kakanni, in gara ko wuta ta ci, ya tafi ke nan. Iyaye, ku cire takardar ciki ku adana sirrinku, ku ba yaro ambulan ya kawo lakwal. Mu malamai mun yi alkawarin mayar muku da shi lafiya.